Daga Oracle zuwa PostgreSQL: yaya zan yi da laƙaban SYNONYM?

Auwalu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna shirin kwashe rumbun bayanan albashi daga Oracle 19c zuwa PostgreSQL 16 da ora2pg, manhajar da ke kwashe rumbun Oracle zuwa PostgreSQL. Teburori da abin da ke cikinsu sun haye lafiya a gwaji. Inda na cije shi ne laƙabai, wato `SYNONYM`, sunan da ke tsayawa a madadin sunan tebur ko wani abu a rumbu, domin PostgreSQL ba shi da `CREATE SYNONYM` kwata-kwata.

Teburorinmu suna zaune a sikima biyu (sikima rukuni ne mai suna da ke tara teburori a cikin rumbu), ALBASHI da MAAIKATA. Manhaja tana shiga da asusun APP_USER, masu rahoto suna shiga da RAHOTO, kuma babu inda kod ɗin ke rubuta sunan sikima. Laƙabi ne ke kai kowa inda za shi. Wasu laƙaban `PUBLIC` ne, wato laƙaban kowa, wasu na asusu ɗaya. Yawancinsu tebur suke nunawa, amma akwai masu nuni ga `SEQUENCE` (mai fitar da lambobi a jere), ga fakej na PL/SQL (tarin fankshinoni da aka rubuta da harshen Oracle), da kaɗan masu tsallakawa wani rumbun ta hanyar `DATABASE LINK`. ora2pg ya fitar mini da su a matsayin `VIEW`, wato tambayar da aka adana da suna, ake kiranta kamar tebur. Shin in karɓi wannan yadda yake, ko in jefar da su duka in dogara da `search_path`, jerin sikimomin da PostgreSQL ke dubawa in ba a rubuta sunan sikima ba? Ba a so mu taɓa kod ɗin manhaja sai in ya zama dole.

Malam Habu:

Wa alaikumus salam, Auwalu. Kada ka zaɓi magani tukuna, tantance su da farko. Laƙaban nan ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma maganin da ya dace da wani shi ne zai karya wani. Gudanar da wannan a Oracle:

```
SELECT s.owner, s.synonym_name, s.table_owner,
       s.table_name, s.db_link, o.object_type
FROM dba_synonyms s
LEFT JOIN dba_objects o
  ON o.owner = s.table_owner
 AND o.object_name = s.table_name
 AND o.subobject_name IS NULL
 AND o.object_type NOT IN
     ('PACKAGE BODY','TYPE BODY','INDEX','TRIGGER')
WHERE s.db_link IS NOT NULL
   OR s.table_owner NOT IN
     (SELECT username FROM dba_users
      WHERE oracle_maintained = 'Y');
```

Sharaɗin ƙarshe yana cire dubban laƙaban da Oracle ya zo da su da kansa. Kada ka cire layin `db_link IS NOT NULL`: laƙabin da ke tsallaka rumbu yana iya zuwa da `table_owner` babu komai, sai `NOT IN` ya haɗiye shi ba ka sani ba.

Wanda `object_type` da `db_link` ɗinsa duk babu komai, matacce ne. Oracle yana barin a ƙirƙiri laƙabi ko abin da yake nunawa bai wanzu ba, yana kuma barin sa bayan an goge abin, sai ranar da wani ya kira shi ya samu ORA-00980. Waɗannan ba sa tafiya da kai. Wanda ya nuna `SYNONYM` kuwa sarƙa ce, laƙabi a kan laƙabi. Bi ta har ka isa abu na gaske, ka rubuta wancan.

Kaso mafi girma a irin tsarinka yawanci shi ne wanda sunan laƙabi da sunan tebur ɗaya ne, aikinsa kawai ya ɓoye sunan sikima. Wannan ba ya buƙatar `VIEW` ko kaɗan:

```
ALTER ROLE app_user SET search_path = "$user", albashi, maaikata;
GRANT USAGE ON SCHEMA albashi, maaikata TO app_user;
```

Oracle yana duba sikimar mai kira da farko, sannan ya koma kan laƙaban kowa, shi ya sa `"$user"`, wato sikimar da ke da sunan asusun, ke gaba. Abu biyu ka kiyaye. In asusun ba shi da `USAGE` a kan wata sikima, PostgreSQL tsallake ta yake yi shiru, sai ka ga yana cewa teburin ba ya nan alhali izini ne babu. Na biyu ya fi haɗari: in akwai tebur mai suna ɗaya a sikimomin biyu, misali `sashe` a ALBASHI da kuma a MAAIKATA, a Oracle laƙabi ne ya yanke wanda za a samu, a nan kuwa wanda ya riga zuwa a jeri. Ba za a yi kuka ba, amsa ce kawai za ta fito daga teburin da ba shi ba. Nemo su da haɗa `pg_class` da `pg_namespace`, ka tara su da `relname`, ka ga wanda ya fito fiye da sau ɗaya. Waɗannan su ne za ka yi wa `VIEW` a sikimar asusun, domin ya riga duka biyun.

Kada ka manta da abin da tacewar can ta cire amma manhaja na amfani da shi. `DUAL`, teburin Oracle mai layi ɗaya, shi kansa laƙabin kowa ne mai nuni ga `SYS.DUAL`. Ko dai ka cire `FROM dual` daga kod, ko ka saka orafce, ƙarin PostgreSQL mai kwaikwayon Oracle, wanda ke kawo shi, ka tabbatar sikimar da yake ciki tana cikin jerin.

Malama Rabi:

Malam Habu ya yi daidai a kan tantancewa, amma ina so in ja kunne a kan `search_path`, domin ba a tambayoyin manhaja yake cizo ba, a cikin fankshin yake cizo.

A Oracle, fankshin na yau da kullum yana warware sunayen da ke cikinsa lokacin da aka harhaɗa shi, kuma da idon mai shi. Kowa ya kira shi, teburin nan ɗaya zai taɓa. A PL/pgSQL, harshen fankshin na PostgreSQL, ba haka ba ne: ana warware suna lokacin gudu, da `search_path` na wanda ya kira. Saboda haka fankshin ɗaya zai iya karanta `albashi.sashe` in APP_USER ya kira, ya karanta wani abu daban in RAHOTO ya kira. Kuma tebur na wucin gadi yana riga kowace sikima in ba a ambaci `pg_temp`, sikimar teburorin wucin gadi, a jerin ba. Wanda ya ƙirƙiri na wucin gadi mai suna `sashe` ya rufe na gaske a zamansa. In fankshin ɗin `SECURITY DEFINER` ne, wato mai gudu da izinin mai shi, wannan ƙofa ce a buɗe. Gyara shi ne ka ɗaure kowane fankshin:

```
ALTER FUNCTION albashi.kirga_haraji(numeric)
  SET search_path = albashi, maaikata, pg_temp;
```

Sai dai ɗaurin nan yana da kuɗinsa. `PROCEDURE` da aka yi wa `SET` ba zai iya yin `COMMIT` ko `ROLLBACK` a cikinsa ba, haka ma wanda yake `SECURITY DEFINER`. Ayyukan dare na Oracle kuwa cike suke da `COMMIT` a tsakiyar zagaye. Waɗannan babu makawa sai an rubuta musu cikakken suna da sikima a cikin jikinsu. Ƙaramin fankshin na `LANGUAGE sql` da aka ɗaure shi ma ya daina narkewa cikin tambayar da ta kira shi, sai a riƙa kiransa layi bayan layi, rahoton da ke bin miliyoyin layuka zai ji a jikinsa. A ra'ayina, cikin kod ɗin da ke zaune a rumbu, rubuta sunan sikima ya fi duk wata dabara. An hana ka taɓa manhaja, ba a hana ka taɓa PL/SQL ba, tunda ai sake rubuta shi kake yi.

Sauran wuraren da jerin ke ɓacewa. `ALTER ROLE ... SET` yana aiki ne lokacin shiga kawai. In manhaja ta shiga da asusu ɗaya sannan ta yi `SET ROLE`, jerin asusun na biyu ba ya biyo ta, `"$user"` kaɗai ke sauyawa. In kuna da PgBouncer, mai raba haɗin rumbu tsakanin masu kira, a yanayin `transaction`, kada manhaja ta aika `SET search_path` a farkon zama, domin haɗin da ta saita na iya faɗawa hannun wani, ita kuma ta samu wanda ba a saita ba. A bar shi a kan asusun, ko a yi `SET LOCAL` bayan kowane `BEGIN`.

Na ƙarshe shi ne wanda ke jira sai ranar baƙin ciki. Tun gyaran tsaro na 2018, pg_dump, manhajar ɗaukar ajiyar rumbu, yana wofintar da `search_path` a farkon fayil ɗin da yake rubutawa. In akwai `CHECK` ko fihirisa da ke kiran fankshin, fankshin ɗin kuma yana ambaton wani abu ba tare da sikima ba, ajiyar za ta fita lafiya amma maidowa zai faɗi. PostgreSQL 17 ya ƙara da cewa `CREATE INDEX`, `REINDEX`, `ANALYZE`, `VACUUM` da `REFRESH MATERIALIZED VIEW` duk suna gudu da taƙaitaccen jeri, ba naka ba. Kuna kan 16 yau, amma za ku hau. Ka gwada maido da ajiya a kan saba mara komai kafin ranar ƙaura, ba bayanta ba.

Injiniya Sanusi:

Ni ba zan jefar da abin da ora2pg ya fitar ba. Duk laƙabin da sunansa ya bambanta da na tebur, `search_path` ba shi da abin yi masa, `VIEW` ne kaɗai hanya in ba za a taɓa manhaja ba. Tun sigar 9.3, `VIEW` mai sauƙi a kan tebur ɗaya yana karɓar `INSERT`, `UPDATE` da `DELETE` da kansa, ƙimar `DEFAULT` ta tebur tana shiga, tiriga na tebur yana tashi, fihirisa tana aiki kamar teburin aka kira kai tsaye. Ta fuskar sauri babu abin tsoro.

Izini ne abin tsoro. Laƙabin Oracle ba ya ba kowa izinin komai. In RAHOTO ba shi da `SELECT` a kan teburin albashi, laƙabin kowa ba zai buɗe masa ba. `VIEW` na PostgreSQL kuwa da izinin mai shi yake karanta tebur. Ka yi tunanin abin da zai faru: ka loda fayil ɗin da asusun `postgres`, ka ga masu amfani suna kukan izini, ka yi `GRANT SELECT` ga `PUBLIC` don ya yi kama da laƙabin kowa. Ka buɗe albashin kowa ga duk mai asusu ke nan, kuma in teburin na da tsaron matakin layi, an tsallake shi ma, tunda mai `VIEW` ɗin babban mai iko ne. Tunda kuna kan 16, kuna da maganin da ya zo a 15:

```
CREATE VIEW public.ma_albashi
  WITH (security_invoker = true)
  AS SELECT * FROM albashi.tbl_biyan_maaikata;
```

Da wannan, ana duba izinin mai kira a kan `VIEW` ɗin da kuma teburin da ke ƙasa, don haka ba laifi a buɗe `VIEW` ɗin ga kowa, tebur ne zai tsare kansa kamar yadda yake a Oracle. Buɗe fayil ɗin da aka fitar maka ka tabbatar kowane ɗaya yana da wannan zaɓin, ka ƙara inda babu.

Sannan ka san abin da `VIEW` ba ya yi. Alamar `*` ana buɗe ta ne ranar ƙirƙira. Ka ƙara ginshiƙi a tebur gobe, ba zai bayyana ba sai ka sake `CREATE OR REPLACE VIEW`. Sauya nau'in ginshiƙi a tebur zai ƙi, domin `VIEW` na riƙe da shi; sai ka goge shi, ka yi sauyin, ka sake gina shi, ka maido da izinin da ya tafi da gogewar. Kada hannu ya kai ga `CASCADE` a nan, yana share duk wani `VIEW` da ke tsaye a kan wannan. `TRUNCATE` ba ya aiki a kansa. `COPY` zuwa cikinsa sai da tiriga na `INSTEAD OF`, fitarwa kuwa sai ka rubuta ta da `SELECT`. `FOREIGN KEY` ba ya iya nuni gare shi. `MERGE`, umarnin da ke ƙara layi ko sabunta shi a tafi ɗaya, wanda kod ɗin Oracle ke so ƙwarai, ya shigo PostgreSQL a 15 amma bai karɓi `VIEW` a matsayin wurin rubutu ba sai a 17. A 16 ɗinku, duk `MERGE` da ke bi ta laƙabi mai suna daban sai an gyara shi ya kira tebur.

Akwai hanya ta uku da ake mantawa: in tebur na da laƙabi ɗaya tak mai suna daban, kuma babu mai kiran sunansa na asali, sauya wa teburin suna ya ɗauki sunan laƙabin. Shi ke nan ya koma kason Malam Habu.

Auwalu:

Allah Ya saka da alheri, malamaina. Tantancewar ta fito da abin da ban ambata ba. Akwai laƙabi BIYAN_WATA da ake juyawa kowane wata tsakanin BIYA_A da BIYA_B: a cika ɗaya, a juya laƙabin kansa, a wanke ɗayan. Yaya wannan zai kasance? Sannan har yanzu ban ga mafita ga `SEQUENCE`, fakej da masu tsallaka rumbu ba.

Malam Habu:

To, BIYAN_WATA shi ne inda bambancin ya fi fitowa fili. Laƙabin Oracle kamar adireshi ne a bayan ambulan, duk wanda aka tarar a gidan shi ke karɓa. `VIEW` kuwa mutumin ya sani, ko ya sauya suna yana biye da shi, domin lambar ciki ta tebur ya riƙe, ba sunansa ba. Saboda haka kada wani ya ce zai yi juyin da musanya sunayen teburorin biyu. `VIEW` zai ci gaba da karanta tsohon, sai a biya albashin watan jiya. Ga yadda ake yi:

```
BEGIN;
SET LOCAL lock_timeout = '3s';
CREATE OR REPLACE VIEW albashi.biyan_wata
  WITH (security_invoker = true)
  AS SELECT * FROM albashi.biya_b;
COMMIT;
```

Izinin da aka bayar yana nan, sauran `VIEW` da ke kansa suna bin sa. Amma zaɓuɓɓukan `WITH` ana maye su ne da abin da ka rubuta a wannan karon. Ka manta `security_invoker` sau ɗaya, ya tafi, ramin da Injiniya ya nuna ya buɗe ba tare da wani saƙo ba. Dole ginshiƙan teburorin biyu su zo da suna ɗaya, nau'i ɗaya, a jeri ɗaya, in ba haka ba umarnin zai ƙi. Shi kuma `lock_timeout` ba ado ba ne: umarnin na neman cikakken kulle, in wani dogon rahoto na riƙe da `VIEW` ɗin zai tsaya jira, duk wanda ya zo bayansa ya yi layi a bayansa, manhaja ta sandare. Gara ya faɗi bayan daƙiƙa 3 a sake gwadawa. Wankewar kuma a kan `biya_a` kai tsaye za a yi ta.

`SEQUENCE`: kada a yi masa `VIEW`. PostgreSQL zai karɓi ƙirƙirar ba gardama, domin ana iya yin `SELECT` a kan `SEQUENCE`, amma `nextval` ba zai yi aiki a kan sakamakon ba. Kada kuma a ƙirƙiri sabon `SEQUENCE` a kowace sikimar da ke da laƙabi, domin kowanne zai ƙirga nasa, su fitar da lamba ɗaya, mabuɗin tebur ya yi karo. Ɗaya tak za a bari. Tunda rubutun `lambar_biya.NEXTVAL` dole ne ya koma `nextval('albashi.lambar_biya')`, nan wurin taɓa manhaja ya zama dole, ka sa sunan gaske tun da ka riga ka buɗe layin. Ka ba da `GRANT USAGE ON SEQUENCE`, sannan bayan lodin ƙarshe ka ɗaga shi da `setval` zuwa `last_number` na `dba_sequences`, ka kwatanta da mafi girman lambar da ke cikin tebur.

Fakej: ora2pg yana mayar da kowane fakej sikima, don `fakej.fankshin` ya ci gaba da karantuwa. Laƙabi mai suna ɗaya da fakej ɗin ya zama ba shi da aiki. Mai suna daban sai ka yi masa sikima da sunan laƙabin, ka cika ta da ƙananan fankshinoni masu miƙa kira, ɗaya ga kowane salon kira, da ƙimomin `DEFAULT` iri ɗaya da alamar `STABLE` ko `IMMUTABLE` irin ta na asali. Ka nemi kira mai gaɓa uku irin `albashi.haraji.kirga`; PostgreSQL zai ɗauki gaɓar farko a matsayin sunan rumbu ya ƙi.

Masu tsallaka rumbu sun fi sauƙi ta fuskar suna. In wancan ɓangaren yana kan Oracle, ka yi amfani da oracle_fdw, ƙarin da ke nuna teburin wani rumbu a matsayin `FOREIGN TABLE` a gida. In ya riga ya dawo PostgreSQL, postgres_fdw. `FOREIGN TABLE` yana iya ɗaukar kowane suna a gida, ainihin sunan na can yana cikin `OPTIONS`, don haka shi kansa ya zama laƙabin. A oracle_fdw rubuta sunan can da manyan baƙaƙe. Abin da ka rasa shi ne tabbacin Oracle cewa rubutu a rumbu biyu zai zauna tare ko ya faɗi tare. A nan can na iya zama, nan ya faɗi. Duk aikin da ke rubutu a ɓangarorin biyu lokaci guda sai an sake masa tsari.

Malama Rabi:

Ƙari kan gwaji, Auwalu, tunda mafi munin kurakuran nan ba sa kuka. Ɗauki jerin laƙaban da tantancewar Malam Habu ta fitar maka, ka mayar da shi tebur mai ginshiƙi uku: asusu, sunan da yake kira, abin da Oracle ke ba shi. Sannan ka shiga PostgreSQL da kowane asusu, shiga ta gaske ta hanyar da manhaja ke bi, ba `SET ROLE` ba, ka tambayi kowane suna:

```
SELECT n.nspname, c.relname, c.relkind
FROM pg_class c
JOIN pg_namespace n ON n.oid = c.relnamespace
WHERE c.oid = to_regclass('sashe');
```

In babu layi, sunan bai warware ba. In sikimar ta bambanta da ta Oracle, ka kama ɓarawon tun bai shiga ba. Ka yi gwajin ta ɗayan gefen ma: RAHOTO ya gwada karanta abin da aka hana shi a Oracle, dole a ƙi shi. Ga fankshinoni, ƙarin plpgsql_check yana bin jikinsu ya nuna sunan da ba ya warwarewa, tunda PostgreSQL ba ya duba wannan lokacin ƙirƙira.

Duba tsawon sunaye: 19c yana barin bayit 128, PostgreSQL yana yanke suna a 63 da ɗan `NOTICE` kawai, sunaye biyu masu dogon farko iri ɗaya za su haɗe. Laƙabin da aka ƙirƙira cikin alamar zance da gaurayen baƙaƙe shi ma sai an riƙe alamar a ko'ina.

Kafin ka yanke cewa wani laƙabi mai rai ba a amfani da shi, kada ka dogara da `dba_dependencies` kaɗai, kod ɗin cikin rumbu kawai ya sani, bai san tambayoyin manhaja ba. `v$sql` kuma abin da ya gudana kwanan nan yake riƙewa. A rumbun albashi akwai ayyukan ƙarshen wata da na ƙarshen shekara, ka bincika rubutunsu da hannu kafin ka goge komai.